Fayil ɗin Tulu

Idan mutum ya shekara goma sha ɗaya yana yi wa takarda ƙarya domin hoto ya faɗi gaskiya, a wane layi za a sa shi, na maƙaryata ko na masu gaskiya? Zakara ya sha juya wannan tambayar a ransa, a cikin mota, a gaban madubi, a kan kujerar mai aski. Duk amsar da ya samu da safe, kafin la'asar ta rushe. Daga baya ya daina nema, ya bar tambayar a zaune kamar baƙon da ya ƙi tafiya har aka saba da shi.

Shi ne ma'aikacin safe a ɗakin babban injin ɗaukar hoton cikin jiki, a ƙasan benen asibitin, can ƙarshen baranda bayan ɗakin ɗibar jini. Injin wani farin rami ne mai gado a bakinsa. A kwantar da mutum, a toshe masa kunne, a tura shi ciki, sai injin ya kama bugu kamar maƙera goma sun haɗu a ɗaki ɗaya. Abu ɗaya ake roƙon mara lafiya: kada ya motsa. In ya motsa, ko da haɗiyar yawu ce a lokacin da bai dace ba, hoton sai ya dagule, ƙwaƙwalwa ta fito kamar an goga hannu a kan rubutun da tawadarsa ba ta bushe ba.

Hukumar asibitin tana da doka biyu a kan ɗakin. Kowane mutum minti ashirin. Kuma duk hoton da ya lalace, ma'aikaci ya danna jan maɓalli, kwamfuta ta rubuta a ƙarƙashin sunansa cewa ya ɓata ɗaya. Ƙarshen wata a manna takardar a bangon ɗakin shan shayi, kowa ya ga matsayinsa. Shekara da shekaru shi ne a sama: ɗaya cikin ɗari, wani watan ma babu ko ɗaya. Sau uku ana kiransa gaban taro ana ba shi takardar yabo. Daga nan sunan Zakara ya kama shi, har matarsa in tana son tsokana da shi take kiransa.

Sirrin yana wurin Tulu. Tulu wani rufaffen kwano ne na roba, cike da ruwa, girman kan mutum, da ake sawa a injin kowace safiya a ɗauki hotonsa don a tabbatar injin yana gani daidai. Yana da fayil nasa a kwamfuta kamar kowane mara lafiya, fayil ɗin da ba mai buɗewa, don ba wanda zai ɓata lokacinsa yana kallon hoton ruwa.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka kawo wata tsohuwa mai karkarwar kai. Hoton farko ya fito shirme. Zakara ya dubi jan maɓallin ya daɗe. Ya san in ya danna an rubuta masa, in kuma abin ya yawaita za a kira shi a ce ya daina sakewa, ya tura wa likita abin da ya samu. Sai ya ja lalataccen hoton ya jefa a fayil ɗin Tulu. Ya shiga ya cusa wa tsohuwar tawul a gefen kunnuwa biyu, ya sa 'yarta ta riƙe mata ƙafa, ya sake ɗauka. Na biyu ya fito tas. Tun daga ranar Tulu ya zama ma'ajiya. Lokacin da sakewar take ci, shi yake cikewa: ya riga kowa zuwa da rabin awa, shayinsa kuma ya saba shansa da sanyi, a tsaye.

Wadda ta tono abin 'yar gida ce. Auta ƙanwar matarsa ce, a hannunsa ta tashi tun tana shekara tara, bayan rasuwar mahaifinsu. Shi ya koya mata lissafi a kan teburin cin abinci. Yanzu tana jami'a tana binciken babban digiri, a kan wata manhajar kwamfuta da za ta karɓi hoton da motsi ya dagula ta gyara shi ya karantu. Asibitin ya ba ta izinin kwasar hotunan Tulu kawai, don ta san halin injin. Na mutane sai kwamitin izinin bincike ya zauna.

Ran wata Talata ta shigo ɗakin da kwamfutarta a hammata, daidai lokacin da aka fita da mara lafiya na shida.

"Yaya, Tulu nawa gare ku a ɗakin nan?"

"Ɗaya. Ga shi can a kan kanta. Ko shi kika zaɓa mijin aure ne a ƙarshe? Gara shi, ba zai yi miki gardama ba."

"To Tulun naku yana da ido biyu da hanci. Jiya tsoho ne, shekaranjiya mace."

Ta juya masa allon. Kawuna ne jere, layi bayan layi, duk a dagule, kowanne da sunan Tulu a samansa. Zakara ya tashi ya tura ƙofar da ƙafa.

"Nawa ne?" ya tambaya, don shi bai taɓa ƙirgawa ba.

"Dubu biyu da ɗari huɗu da 'yan kai."

"Goge su."

"In goge? Yaya, ka san abin da ka tara kuwa?"

Ta ja kujerar da 'yan rakiya suke zama, ta yi masa bayani a hankali, yadda shi yake yi mata a da. Manhajar da gwaji take koyo. A nuna mata lalataccen hoto, a nuna mata mai kyau na wannan mutumin dai, sau dubbai, har ta gane yadda ake fitowa daga wannan zuwa wancan. Matsalar masu irin wannan binciken ko'ina ita ce ba su da biyun. Lalatacce gogewa ake yi. Don haka sai su ɗauki mai kyau su sa kwamfuta ta girgiza shi da gangan, su koyar da wannan. Shi kuwa yana da na gaske: na farko a fayil ɗin Tulu, na biyu a fayil ɗin mai shi.

"Mutum ɗaya, kai ɗaya, minti goma tsakani," ta ce. "Malamina da ya ji irin wannan yana duniya, da ƙafa zai tako."

"Kin gaya masa?"

"Ban gaya wa kowa ba. Kai na fara zuwa wa."

Ta fito da takarda mai shafi biyu. Kwamiti ba ya ba da izinin taɓa hoton mutum sai an rubuta inda ya fito, wanda ya ɗauka, da dalilin da ya sa yake ƙarƙashin sunan da ba nasa ba. A ƙasa akwai layin sa hannun ma'aikaci. Kafin takardar ta kai kwamiti kuma sai ta bi ta teburin shugaban sashe.

Zakara bai taɓa ta ba. "Wata takwas ya rage in yi ritaya, Auta. Kin san sunan wannan a littafin dokar aiki? Sauya bayanan mara lafiya. Kora ce, ba gargaɗi. Shekara talatin da biyu, a ƙarshe a raka ni bakin ƙofa da kwalin kayana a hannu."

"Za su ga dalilinka."

"Za su ga takardun yabo uku da suka ba maƙaryaci. Ba mai yafe wa wanda ya sa shi ya yi tafi a banza." Ya juya ga allonsa. "Na ɗauke ki a kafaɗa, yau ke za ki ɗauke ni ki kai gaban kwamiti. Ba zan sa hannu ba."

"In ba ka sa ba, ba zan kai ba," ta ce, tana mayar da takardar jaka. "Amma ba zan goge ba. Ba nawa ba ne."

Ran Asabar ta zo gida cin abincin rana kamar kullum. Matarsa ta lura ba wanda ya tsokani wani, ta ajiye cokali.

"Me ya haɗa ku?"

Auta ta faɗa a taƙaice. Matar ta saurara har ƙarshe, ta dubi mijinta irin kallon wadda yanzu ta gane dalilin sammakon shekara goma sha ɗaya, sannan ta juya ga ƙanwarta.

"Ke yanzu duk kawunan duniya ba ki ga na bincike ba sai na mijina? Mutumin nan wata takwas ya rage masa. Ki bari ya sauka da mutuncinsa, in ya so ki bincike shi har tafin ƙafa."

"Anti, sabon injin yana zuwa bayan wata huɗu. Ranar da aka cire wannan, fayil ɗin ya tafi."

"To ya tafi mana. Da can da shi kike ci?"

Bayan an kwashe kwanuka Auta ta buɗe kwamfutarta a kan teburin, ba ta kira kowa ba. Shi ya taso da kansa, ya tsaya a bayanta da tsinken sakace a baki. Gwajin da ta yi ne da girgizar kwamfuta: hagu dagulallen hoton wani ɗan sa-kai daga jami'a da aka ce ya motsa, dama abin da manhajar ta fitar. Na daman ya yi fes, kowane layi a tsaye.

Ya sa tabarau. Ya matso. "Ya yi kyau da yawa."

"Ci gaba."

"Kamar hoton ango da aka gyara a shago. Dubi nan ƙeya. Ba kan da yake da santsi haka. Ba gyarawa ta yi ba, cikewa ta yi da abin da take zato." Ya nuna da tsinken. "Likita zai karanta wannan hankalinsa kwance, ga shi ba kan yaron nan ba ne. Gara dagulallen, shi ko ba komai yana faɗa maka kada ka yarda da shi."

"Na sani. Girgizar kwamfuta ta koya, ba ta mutum ba."

"Ai mutum ba haka yake motsi ba. Mai karkarwa yana da kiɗansa, ba ya sauyawa. Mai tsoro kuwa da numfashi yake ɗaga kai. Mai tari sai ya danne, ya danne, sannan ya zabura sau ɗaya ya ɓata komai. Wanda barci ya ɗauka kuma a hankali yake zamewa gefe..."

Ya ga tana rubutawa a bayan takardar magani. Ya cire tabarau.

"Ban ce na yarda ba."

"Ban ce ka ce ba, Yaya."

Mako biyu ya yi yana shari'a da kansa, kuma kullum shi yake ci. Hujjarsa ɗaya ce, yana jin ƙarfinta: wa aka cuta? Mara lafiya ya samu hoto mai kyau ba tare da ya dawo ba. Likita ya karanta. Hukuma ta samu takardar da take son gani a bango. Shi kaɗai ya rasa barcin safe da shayi mai zafi. Ƙaryar da ba a samu wanda za a ba haƙuri a kanta ba, a ganinsa, ba ta kai a zubar da aikin shekara talatin da biyu dominta ba. Manhajar Auta kuma abu ne na wata rana, ƙila ta yi aiki, ƙila ba ta yi ba. Korarsa kuwa ta gobe ce.

Ran Alhamis da ƙarfe biyu ya zo miƙa aiki ga Dogo, ma'aikacin yamma, mutum mai 'ya'ya biyar da dariya a kusa. A benci na waje ya wuce wani dattijo da matarsa. Hannun dattijon da kansa suna rawa, matar tana riƙe da jakar leda mai ɗauke da tabarma da buta, alamar daga nesa suke. A takardar jerin yamma an rubuta a gaban sunansa: zuwa na uku.

"Na uku?" Zakara ya tambaya.

"Tela ne," in ji Dogo, yana rataye rigarsa. "Wata biyu ke nan. In ɗauka, likita ya ce bai karantu ba, a ba shi wata ranar bayan mako uku. Matar har ta san sunan ɗana na fari."

"Me ya hana ka sakewa tun ranar farko?"

Dogo ya yi dariya, ya buɗe akwatin kayansa, ya zaro wata takarda da ta sha ninki. "Gargaɗi na biyu. Shekara shida tana nan, ina duba ta in na ji tausayi yana neman tasowa. Na uku ka san sunansa. Karanta layin ƙarshe."

Zakara ya karanta. An shawarci ma'aikacin ya yi koyi da abokin aikinsa na safe.

"Ka manta da can minti talatin ake ba mu?" Dogo ya ci gaba, yana wanke hannu. "Shugaba ya ɗaga takardarka a taro ya ce tun da Zakara yana yi ba ɓata, lokacin ne ya yi yawa. Aka mayar ashirin. Ni dai tun daga nan abin da injin ya ba ni shi nake turawa. Mai rabo ya samu mai kyau." Ya yarfe ruwan hannunsa. "Ba ƙorafi nake ba, Oga. Kowa da baiwarsa. Amma kafin ka tafi ka bar min layar, ko rabi ne."

Ba da zafi ya faɗa ba, shi ya sa maganar ta shiga. Zakara ya tsaya da takardar a hannu. Aikin yamma mutum goma sha biyar ne a rana. Ya san cikin goma sha biyar nawa suke motsawa, ya fi kowa sani. Ya fara ninka wannan da shekara shida, sai ya bari.

"Shigo da shi," ya ce. "Zan tsaya."

Suka kwantar da telan. Zakara ya yi abin da ya saba, tawul a gefen kunnuwa, matashi a ƙarƙashin gwiwa. Injin ya yi bugunsa. Hoton ya fito a dagule kamar na sauran zuwan biyu. Dogo ya ɗora hannu a kan tebur ya juyo.

"To, Zakara. Daga nan yaya ake yi?"

Fayil ɗin Tulu yana nan a gefen allon, tazarar ɗan yatsa. Minti ɗaya ya isa ya nuna wa Dogo. Wannan ma alheri ne: telan ya huta, Dogo ya huta, ba wanda za a kora. Sai dai wata mai zuwa takardar bango za ta nuna zakaru biyu, shugaba ya ɗaga ta a taro, ya ce ashe ashirin ɗin ma ta yi yawa.

"Fita daga sunanka," ya ce. "Bari in shiga da nawa."

Ya zauna, ya shiga, ya danna jan maɓallin. Ya tashi ya kira matar telan, ya sa ta cire 'yan kunne da awarwaro don injin yana jan ƙarfe, ya tsayar da ita a ƙarshen gadon ta riƙe ƙafar mijin. Ya ce wa dattijon ya ƙirga bugun injin kamar ɗinki, in ya kai ɗari ya koma farko. Na biyu bai fito tas ba, amma ya karantu.

"Ashe kai ma kana ɓatawa," in ji Dogo.

"Ina ɓatawa."

A baranda ya kira Auta a waya. Ta daɗe ba ta ɗauka ba.

"Kina ina? Kawo takardar nan."

"Yaya, na bari. Anti ta yi gaskiya. Na riga na gaya wa malamina zan ci gaba da girgizar kwamfuta. Ba zan gama digiri a kan korarka ba."

"Ba don digirinki ba ne, Farfesa, kada kanki ya kumbura. Kin yaga ta?"

"Tana jaka."

"Ina ɗakin shayi."

Ta iso wajen ƙarfe huɗu, ta same shi zaune shi kaɗai, ya ba bangon baya. Ta ajiye takardar amma ba ta ɗauke hannunta daga kai ba.

"Shugaba zai gani kafin kowa. Ban san abin da zai yi ba. Malamina zai rubuta, amma ba shi da iko a nan."

"Na sani."

"Anti fa?"

"Wannan nawa ne. Kwana uku ba za ta yi min magana ba, na huɗu ta tambaye ni ko na ci abinci." Ya janye takardar daga ƙarƙashin hannunta, ya sa tabarau. Wurin da aka bari don rubuta dalili layi uku ne. "Wa ya tsara wannan? Ba ni farar takarda."

Ta yago masa daga littafinta. Ya rubuta a hankali, da rubutunsa mai kwanciya gefe: shekarar da ya fara, yadda yake yi, yawan hotunan. Ya ƙara cewa takardun wata-wata da aka dogara da su aka rage lokaci ba gaskiya ba ne, kuma gargaɗin da aka yi wa ma'aikacin yamma a kan ƙarya aka gina shi. Ya karanta sau ɗaya, ya gyara kalma ɗaya. Sannan ya sa hannu a layin ƙasa, ya rubuta kwanan wata, ya tura mata.

"Gobe da safe ni zan kai masa da kaina," ya ce. "In sun ba da izini, ki fara da na shekarar farko. Agogon injin ba daidai yake ba a lokacin, wasu ba za ki gane abokan haɗinsu ba sai na nuna miki. Ki yi sauri, tun ina da katin shiga."